Yadda Muka Mayar da Tasfaye Bakin Koginsu

Da sunan direban gida aka kawo ni Riyad. Ejan ɗin da ya yi mini biza a Kano har hoton motar ya nuna mini a waya, fara sol, ya ce aikina kawai in kai yara makaranta in dawo in miƙe ƙafa a ƙarƙashin esi. Da muka sauka, wani Bapakistane ya kwashe mu mu huɗu a bayan a-kori-kura ya juye mu a Sulay, unguwar da ba komai a cikinta sai manyan sito da garejoji da ɗakunan lebura. Washegari aka miƙa mini safar hannu, aka nuna mini tirela maƙil da katan-katan na man girki. Na kira ejan, waya a kashe. Har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara aka yanke mini cibiya, babana masunci ne. Ban taɓa sanin akwai garin da mutum zai yi shekara bai ga ruwa yana tafiya da kansa ba. A makon farko bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi kanta, idan na buɗe baki ba mai gane abin da nake faɗa. Raina a ɓace yake tun safe har yamma, kuma dama ni ba mai haƙuri ba ne.

Wanda ya fara kula ni wani Bahabashe ne siriri, mai sanyin murya, ana kiransa Ahmad. Ya ga yadda nake sunkuyawa ina ɗaga katan da ƙugu, sai ya dafa ni ya ce, cikin irin Larabcin nan na lebura da rabinsa nuni da hannu ne, "Sadik," wato aboki, "ba haka ba. Durƙusa, bar gwiwa ta ɗauka. Idan ka ci gaba haka, wata uku za a mayar da kai gida a keken guragu." Ya jiƙa tawul ɗinsa ya ɗora mini a ka. Tun daga ranar muka zama abokan ɗauka, shi a wancan gefe ni a wannan.

Ɗakinmu mu shida ne. Babbanmu Baba Ilu, mutumin Gumel, direban mudir ɗin siton, wato manajanmu. Ya haura shekara ashirin a garin, shi yake ja mana salla, shi yake raba faɗa, kuma shi kaɗai ne idan ya yi mini tsawa nake yin shiru. Ahmad yana cin abinci da mu a faranti ɗaya. Amma akwai abu biyu da suke damuna da shi. Duk Laraba da Juma'a ba ya taɓa nama ko madara, sai burodi da wake-waken nan da suke kira adas. Kuma da an kira salla, sai ya sulale bayan katan-katan.

Wata rana na kasa daurewa na tare shi. Na ce, "Haba Ahmad! Wannan suna a kanka, kana wannan ƙasa, amma goshinka bai san tabarma ba? Ba ka jin kunya?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Insha Allahu, sadik."

Na ce, "Insha Allahu ɗin nan taka ta ishe ni."

Ya kama gefen katan ɗinsa ya jira ni in kama nawa.

A shekarata ta biyu kewar gida ta kusa kwantar da ni. Na daina surutu, kuma duk wanda ya san ni ya san idan na daina surutu ba lafiya. Ahmad ya lura. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce in zo zai kai ni in ga kogi. Na ce kada ya raina mini wayo, kogi a Riyad? Muka shiga mota muka yi kudu, har wani kwari da ruwa yake bi ta tsakanin duwatsu. Ruwan kore-kore ne, an ce ma daga cikin gari yake fitowa, faɗinsa bai kai inda yaran Yawuri suke koyon iyo ba. Na tsaya zan yi tsaki, sai kawai na ji hawaye yana zubo mini. Wallahi ƙarar ruwan ce ta karya ni.

Muka zauna a kan dutse. Na ba shi labarin kasuwarmu ta bakin ruwa, da jiragen kwale-kwale da suke zuwa da albasa da busasshen kifi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ni ma ɗan bakin kogi ne."

Ya ce garinsu ƙarami ne, ana iya zagaye shi kafin shayi ya huce. Kasuwarsu ranar Asabar take ci. Tun da sassafe mutanen tuddai suke gangarowa da jakuna, da zuma a cikin tulu, da man shanu a naɗe cikin ganye, da barkono da gahawa. Na ƙetare kuma suna zuwa a jirgi. Mahaifiyarsa tana da gurbi a gindin wata itaciya inda take sayar da gishiri. A tsallaken kogin, a kan dutse, akwai wani tsohon gidan ruhubanawa, wato mazajen Kirista da suka bar duniya, ba aure ba kasuwa, sai ibada. Ya ce ginin ya girmi garin kansa, ba wanda ya san kakan kakan wanda ya aza shi. Akwai littattafai a ciki da aka rubuta a kan fatar akuya, sai mutum biyu sun kama suke ɗaguwa. Ƙararrawarsu ma ba ƙarfe ba ce, wani dogon dutse ne a rataye, idan aka buga shi har cikin kasuwa ana ji. Duk baƙon da ya hau wurin, ko wane ne, sai an ba shi gurasa da ruwa kafin a tambaye shi daga ina.

Na ce, "Kai kuma ina ka san cikin wurin haka?"

Ya waiga hagu da dama. Sannan ya sa yatsa a wuyan rigarsa ya zaro wani baƙin zare, da ɗan gicciye na itace a jiki.

Ya ce, "Wana yana cikinsu. Mahaifina a can yake kwance, a ƙarƙashin itatuwan harabar, shi da mahaifinsa. Duk ɗan garinmu can ake ƙetarawa da shi. Sunana Tasfaye. Ejan ne ya ce masu sunan Musulmi aka fi saurin ɗauka, ya yi mini fasfo da Ahmad. Na ce shekara biyu ce kawai. Yau shekara tara ba wanda ya kira ni da sunana."

Ya kama hannuna ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba, don idan maganar takardun ta fita, kora ce ko abin da ya fi kora. Na rantse masa da Allah.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Kwana biyu ban sa hannu a faranti ɗaya da shi ba, ina cewa cikina ne. A rana ta uku na tuna tawul ɗin nan da ya ɗora mini a ka, kunya ta kama ni. Daga nan idan muna mu biyu a cikin tirela, sai in ce, "Tasfaye, kama," shi kuma ya yi dariya har haƙoransa su fito.

A shekarata ta uku, tsakiyar zafi, wata Talata da hantsi, muna sauke kaya sai ya saki gefensa. Bai taɓa yin haka ba. Na buɗe baki zan yi masifa, na ga ya zauna a kan katan ya dafe ƙirji. Ya ce, "Sadik, ruwa." Kafin in dawo da gorar ya zame ƙasa. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran sunansa, wannan da wancan, duka biyun. Motar asibiti ta zo, amma tun kafin ta zo na san ya tafi. Ni na shafe masa ido.

Washegari mudir ya kira Baba Ilu ya ce ikamar mamacin, wato katin zamansa, ta nuna Musulmi ne, don haka abin mai sauƙi ne. Danginsa su aiko da takardar amincewa, a yi masa salla a binne shi a nan cikin kwana biyu ko uku, shi ke nan. Baba Ilu ya dawo ɗaki idonsa jawur amma fuskarsa da annuri. Ya ce, "Yaron nan ya dace. Sakacin sallar da yake yi, ga shi Allah ya rufa masa asiri, ya ɗauke shi a wannan ƙasa. Dubban mutane za su sallace shi. Mu ma Allah ya ba mu irin wannan." Kowa ya ce amin, ban da ni.

Akwai wani Bahabashe Musulmi mai suna Jamal da yake sayar da shayi a bakin sitonmu. Shi aka kira ya yi tafinta. Aka samo lambar gida a wayar mamacin, Baba Ilu ya riƙe wayar da hannu biyu, ya yi gaisuwa irin ta manya, sannan ya ce, "Gaya musu su yi farin ciki. Gaya musu ɗansu ya yi kyakkyawan ƙarshe, a ƙasar da kowa yake roƙon a binne shi za mu binne shi, kuma mu ne danginsa a nan."

Jamal ya fassara. Sai muka ji wata tsohuwa a can ɓangaren ta saki wani irin kuka, ba irin na wanda aka yi wa albishir ba. Wani namiji ya karɓi wayar ya yi magana a hankali. Jamal ya ce, "Wansa ne. Ya ce duk abin da hukuma ta ce, ba su da ta cewa. Za su aiko da takardar jibi."

Baba Ilu ya ce, "Allah sarki, zafin rabuwa ne."

Ni na san ba shi ba ne kawai. Tsoro suke ji. Sun san da sunan da ya tafi, suna ganin idan suka yi magana za su jawo wa gawar wulaƙanci. Jibi takarda za ta iso, a kai Tasfaye inda uwarsa ba za ta taɓa sanin wurin ba, kuma ni kaɗai ne a duk garin na san gaskiya. Ga rantsuwa a wuyana. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da safe Baba Ilu ya ce in raka shi kasuwar Batha ya sayo farin yadi. An gaya masa a wurin wankan gawa ana bayar da likkafani kyauta, ya ce a'a, shekara da shekaru suna cin tuwo ɗaya, shi zai yi masa sutura da hannunsa. A hanyar dawowa muka bi ta gefen katangar maƙabartar Oud. Ta ƙofa na hango kaburbura a jere, ba suna ba alama, sai ƙananan duwatsu. Yadin yana kan cinyata.

Na ce, "Baba, tsaya."

"Lafiya?"

"Baba, Ahmad ba Musulmi ba ne. Sunansa Tasfaye. Kirista ne, wansa ma yana cikin ruhubanawan garinsu."

Ya taka birki har wani na bayanmu ya danna mana ham. Ya gangara gefe, ya juyo ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

"Sabi'u, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Baba. Ya sa ni na rantse."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda ke nan."

"Shekara guda! Kana kallona jiya ina yi wa uwarsa barka? Kana kallona na tara mutane na ce su shirya salla? Kai wane irin yaro ne? Da ka bari mun jera sahu a kansa, wa zai ɗauki wannan alhaki?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Shi ya sa na faɗa."

Ya kifa kai a kan sitiyari ya daɗe. Ni dai ina jira ya ce in fita daga motar. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Kukan matar nan tun jiya yake damuna, na rasa dalili. Ashe wuƙa na daɓa mata ina murmushi." Ya share fuska da hularsa. "Gawa amana ce. Ba tamu ba ce, ta uwarsa ce. Rantsuwarka kuma ka yi kaffara, ka ciyar da miskinai goma. A Sulay ba sai ka sha wahalar nemansu ba, leƙa ɗakinmu kawai."

Muka koma wurin Jamal. Da muka gaya masa, ko gezau bai yi ba, ya ce shi tun daga gaisuwar wan ya gane, ya dai ga ba huruminsa ba ne. Aka sake kira. Baba Ilu ya ce, "Gaya wa mahaifiyarsa tsohon jiya ne, ya zo neman gafara. Gaya musu kada su aiko da waccan takarda. Su rubuta cewa suna son gawar ɗansu a gida. Haƙƙinsu ne, ba wanda zai tambaye su dalili." Wan ya sa aka maimaita masa sau uku kafin ya yarda ba tarko ba ne.

Mudir kuwa da ya ji, kamar zai tashi sama. Ya ce aikin kwana biyu za mu mayar masa na wata biyu, wa zai yi ta zirga-zirgar ofis-ofis, kuma wa ya zuga dangin? Ya nuna ni da biro ya ce ya san ni ne, in yi hankali da ikamata. Nan jinina ya hau, na fara cewa mutum ya yi maka shekara goma yana ɗaukar kaya, sai na ji Baba Ilu ya take mini ƙafa da ƙarfi. Ya matsa gaba ya ce, "Ya mudir, shekara ashirin ina tuƙa ka, na kai 'ya'yanka makaranta har sun yi aure. Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙe ka. Zirga-zirgar ni zan yi, kai sa hannu kawai." Mudir ya yi ta juya biro. Can ya ce, "Yalla, ku je," bai kalle mu ba.

Sai aka shiga yawo. Asibiti su ce sai takardar 'yan sanda, 'yan sanda su ce sai ta ofishin jakadanci, can kuma a ce mai hatimin ya fita, a dawo bukra. Kalmar bukra ɗin nan, wato gobe, na ji ta har na tsane ta. Sau biyu takardar dangin tana dawowa saboda an rubuta harafi ɗaya ba daidai da fasfo ba, kuma kowane gyara sai wan ya sauko daga dutse, ya ƙetare kogi, ya hau mota zuwa babban gari. Akwai ranar da na daki teburin wani ma'aikaci, Baba Ilu ya ja ni waje da kwalar riga ya ce idan na ƙara, a mota zai riƙa barina kamar buhu. Mako bakwai Tasfaye yana kwance a cikin sanyi.

Ranar da za a rufe akwatin aka ba mu izinin ganinsa. A cikin ledar kayansa da asibiti suka ba mu na sami baƙin zaren nan. Na mayar masa da shi a wuya na ɗaure. Baba Ilu ya kawar da kai, amma bai hana ni ba. Sannan ya warware farin yadin da ya saya a Batha ya ce, "Jamal ya ce Kiristocinsu ma da fari suke naɗe nasu. Da sunansa na saya, ba zan mayar ba." Mu biyu muka lulluɓe shi.

A wurin kargo na filin jirgi aka ɗora akwatin a kan sikeli, aka manna masa takarda kamar kowane kaya. Masu ɗauka suka zo da injinsu, na ce su dakata. Na durƙusa na kama gefe ɗaya, Jamal ya kama ɗayan, muka aza shi da hannu.

Ranar Asabar da hantsi muna cikin aiki Jamal ya shigo sito da gudu, waya a hannu, ya ce ga su a bakin kogi. Na ajiye katan, Baba Ilu ya fito daga mota, muka haɗa kai a kan ɗan gilashin wayar. Na ga garin da idona. Ƙarami ne kamar yadda ya faɗa. Ranar kasuwa ce, amma ba mai ciniki, duk an bar tulunan zuma da jakuna an gangaro bakin ruwa, maza da mata cikin fararen mayafai. An sa akwatin a tsakiyar jirgi. A ƙetare, ruhubanawa sun sauko daga dutsen sun jeru da manyan laimomi masu ado suna jira, ana jin wani sauti mai zurfi yana tasowa daga sama.

Aka juyo da wayar, wata 'yar tsohuwa ta cika gilashin, fuskarta duk tamoji. Ta yi magana. Jamal ya ce, "Tana tambaya wane ne ya rufe masa ido."

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Ta sake magana.

"Ta ce mahaifiyarka tana da rai?"

Na ce, "Ta rasu ina nan. Ban samu zuwa ba. Har yau ban ga kabarinta ba."

Jamal ya fassara. Tsohuwar ta sa hannu ta rufe baki, ta gyaɗa kai a hankali, ta faɗi wasu 'yan kalmomi. Na zunguri Jamal.

Ya ce, "Ta ce, ashe ka san girman abin da ka yi mata da ka dawo mata da ɗanta."

Aka kama hannunta aka shigar da ita jirgin, ta zauna ta dafa akwatin. Mai tuƙi ya sa gora ya tura. Muna kallo har suka kai tsakiyar ruwa, sannan layin ya yanke.

Na zauna a kan katan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar Innata. Ba wanda ya ce in tashi. Da na gama, Baba Ilu ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya je ya kama ɗaya gefen katan ɗin.